Geron Katsina a Tukunyar Matar Malamin Lissafi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina bibiyar shafinku na girke-girke duk mako, kuma na lura kusan kowane girki da "a samu nama kilo ɗaya" ko "a yanka kaza" yake farawa. Da tsadar da ake ciki, mata nawa ne za su karanta wannan layin su ci gaba? Ni dai yanzu na doshi sittin, kuma abincin da na fi ƙauna tun ina yarinya babu ko tsoka ɗaya a cikinsa. Daga Indiya ya shigo gidanmu, ta kan katanga.

A ƙarshen shekarun 1970 makarantun sakandaren Arewa cike suke da malamai Indiyawa, musamman a lissafi da kimiyya. Babanmu, Allah ya jiƙansa, ma'aikaci ne a ɗaya daga cikinsu a nan Katsina, gidanmu na jikin na wani malamin lissafi ɗan jihar Gujarat. Da babbar Sallah ta zo, Inna ta zuba soyayyen naman layya a kwano ta aike ni gidansu. Matar malamin ta karɓa da hannu biyu, ta buɗe, ta rufe, ta mayar mini tana ta ba da haƙuri da 'yar Hausarta ta kasuwa. Inna ta ji zafi ƙwarai. Sai da Baba ya dawo ya ce mata ai mutanen nan ba sa cin nama, ba sa cin kifi, ko ƙwai ba sa taɓawa, addininsu ne ya zo musu da haka.

Washegari ga yaronta da faranti a rufe. Wani abu ne mai faɗi kamar gurasa, baƙi-baƙi, yana ƙyallin man shanu, da gutsuren mazarƙwaila a gefe. Inna ta gutsura ta sa a baki, ta yi shiru, sannan ta ce, "Wallahi gero ne! Ashe su ma gero suke ci?" Sunansa rotla. Garin gero ne da ruwan ɗumi da gishiri, a murza sosai, a faɗaɗa da tafin hannu saboda gero ba ya da danƙon alkama, a gasa a kaskon ƙasa. Geron suna ce masa bajra, mazarƙwailar kuma gur. Daga ranar zumunci ya ƙullu, Inna ta koya mata dambun zogale, ita kuma ta buɗe mana madafarta.

Abin da ya fi zama a raina shi ne wanda take kira wagar, wasu Indiyawan su ce tadka. Za ta dafa wake har ya narke, da kurkum da gishiri da ɗan ruwan tsamiya. Can a ƙarshe sai ta narka man shanu a ƙaramin kasko, ta watsa 'ya'yan kamun (wanda Turawa ke kira cumin) da ƙwayoyin hulba kaɗan, da tafarnuwa da busasshen barkono. Suna fara tsalle ta juye a kan waken, ya yi cuuu, ta rufe da sauri. Zafin man ne ke fito da ƙanshin kayan, ruwa ba ya iya wannan aikin. Hulbar kuwa in ta ƙone ɗaci take yi, Inna ta ɓata tukunya fiye da ɗaya kafin hannunta ya faɗa. Har yau in na ji wannan ƙarar a madafata, Inna nake gani da zanen girkinta.

Kusan duk kayan da matar ke nema a kasuwarmu take samu. Kuɓewa za ta wanke ta shanya ta bushe sarai kafin ta yanka, ta soya da albasa, babu yauƙi ko kaɗan. Zogale mu ganyen muke ci, ita dogayen 'ya'yan nan ɗanyu take tsinka ta yi miya, a tsotse cikin a yar da ɓawon. Kindirmo takan dama da garin wake irin nasu ta tafasa ya zama miya mai ɗan tsami, kadi. Akwai kuma kicari, shinkafa da wake da aka dafa suka yi laushi kamar fate, abincin mara lafiya da tsofaffi. Da shi na yi jinyar Inna a shekararta ta ƙarshe, lokacin da ba ta iya tauna komai.

Malamin da iyalinsa sun koma ƙasarsu kafin a ƙirƙiro jihar Katsina a 1987, girkin ya zauna. 'Ya'yana da shi suka tashi, yanzu jikokina ke rigima a kan rotlar farko.

Da na ji Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, bisa shawarar Indiya, na yi murna, na kuma ji ciwo. Mu da buhunan gero ke cika kasuwannin Jibiya da Mai'aduwa, mun tsaya a fura da kunu da tuwo, matasanmu ma sun fara yi masa kallon abincin ƙauye.

Kada a fahimce ni a karkace. Nama halal ne, ina ci, ina layya. Abin da ke damuna shi ne in je gidan mace ta kawo mini abinci mai daɗi tana sunkuyar da kai tana cewa, "Ki yi haƙuri, Hajiya, miyar ba nama." Maƙwabciyar Inna ba ta taɓa ba kowa haƙuri a kan tukunyarta ba, kuma mijinta albashinsa ya ninka na Baba.

Roƙona, Edita, ku ware ko da mako ɗaya a wata don girkin da ba nama: wake, gero, dawa, kuɓewa, kabewa, yakuwa, namu na gida da na baƙi. Idan kun amince, zan fara aiko muku da yadda ake rotla da waken wagar, da awon gwangwani da cokali kamar yadda Inna ta bar mini.

Wassalam.

Wata kaka daga unguwar Rafindadi, Katsina