Wasiƙa kan farfaɗo da ƙasar da aka haƙi dutsen mai

Assalamu alaikum, abokina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan iyali na lafiya, ya sanyin Jos? Ka tambayi yadda mutanen Istoniya, wata ƙasa a arewacin Turai, suka mayar da ramukan haƙar dutsen mai suka zama daji, ko za ka samu abin ɗauka don filayen kuzar da kake fama da su. Akwai abin ɗauka, amma a tsarin aikin yake, ba a irin itacen ba.

A yankin Ida-Viru, arewa maso gabashin ƙasar, tun 1916 ake haƙar wannan dutse da ake ƙonawa don lantarki ko a dafa shi a tatso mai. Wajen 1960 aka fara dashen itatuwa gadan-gadan a wuraren da aka yi haƙar fili. Matsalar farko ita ce injin haƙa yana kifar da ƙasa: ta saman mai taki ta koma ƙasa, fasasshen dutsen farar ƙasa ya hau sama, tudu bayan tudu kamar kunyoyin ƙato. Sai an sa katafila ta baje. To a nan ake yawan kuskure. Idan katafila ta yi ta kai-komo, ƙasar ta danne, saiwa ba ta ratsawa, ruwa ya kwanta. Idan kuma aka baje aka bar wurin shekaru, doguwar ciyawa ta riga ka, ta shaƙe duk abin da ka dasa. Shi ya sa ake dashe a shekarar farko ko ta biyu bayan bajewa, da ƙanƙara ta narke, ƙasa na da laima, da tsiro ɗan shekara biyu. A wuri mai duwatsu sai an cusa ƙasa mai laushi a ramin, an danna da ƙafa, don saiwar da ta rataya a iska tsakanin duwatsu bushewa take yi cikin kwanaki.

Ƙasar tana da kanwa-kanwa, ma'aunin pH ɗinta (awon tsami da kanwa) wajen 8, naitirojin kuwa, sinadarin da tsiro ke buƙata don girma, kusan babu. Sinadarin fosfaras, shi ma abincin tsiro, yana nan amma farar ƙasa ta ɗaure shi. Itacen fayin, mai ganye kamar allura, ya jure wannan, shi ya sa aka cika wuraren haƙa irin su Narva da Aidu da shi. A ganina sun zarce. Daji iri ɗaya abincin gobara ne da ƙwari, ga ganyen fayin ba ya saurin ruɓewa. Wani itace da ake kira olda ya fi gyara ƙasa. Ka tone saiwarsa za ka ga ƙulle-ƙulle kamar na gyaɗa amma manya, a ciki ƙwayoyin halitta ke kamo naitirojin daga iska, ganyensa kuma ya zuba ya ruɓe ya zama baƙar ƙasa.

Sharar masana'anta daban take, kada ka haɗa ta da filayen haƙa. Gawayin da ya rage bayan tatsar mai an tara shi tsaunuka a garuruwan Kohtla-Järve da Kiviõli. Yana kama wuta da kansa daga ciki, ruwan da ke tsatsowa daga gindinsa kuma guba ne. Dasa itace a kai ba ya magance komai sai an kashe wutar, an rage gangaren, an rufe da abin da ruwa ba ya ratsawa, an kama ruwan da ke fita an tace. Tokar tashoshin lantarki kuwa ruwanta ya kai pH 12, sai ta daɗe tana shan iska kafin ciyawa ta yarda.

Kai naka akasin haka ne. Tarkacen kuzar Jos tsami gare shi, kuma itacen turaren da aka dasa a kansa ya ƙara masa tsami. Don Allah, kafin ka sayi tsiro ko ɗaya, ɗebi ƙasa daga wurare da dama, sama da kuma zurfin kamu biyu, a auna maka. In tsamin ya yi yawa ka zuba farar ƙasa, ka sa takin gida a kowane rami, ka gauraya itatuwa masu kamo naitirojin irin gawo da bagaruwa. Ka yi dashe da damina ta zauna, ka yi shinge, don abin da ƙatuwar barewar dazukan Istoniya ke yi wa ƙananan fayin, shi awaki za su yi maka da rani.

Ka turo min sakamakon awon in ya fito. A gaida mutan gida.

Naka,
abokinka