Zuwa ga Edita: Ba kwali ne ya haɗa mini jirgin ba

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu in amsa wa ɗan'uwan da ya rubuto kwanakin baya yana kukan cewa matasa ba sa ƙirƙirar komai. A mafi yawan maganarsa ina tare da shi. Inda muka raba gari shi ne inda ya jefa masu haɗa ƙananan injuna da ke zuwa gunduwa-gunduwa a kwali cikin sahun 'yan wasa, wai an riga an gama aikin tun daga masana'anta, kai dai ɗaure kusa ne naka. Na karanta wurin sau biyu, na ɗaga kai na dubi abin da ke kan teburina, na yi dariya ni kaɗai. Wata bakwai ke nan ina ɗaure wannan kusar, har yau ban gama ba.

Ni tsohon mai gyaran rediyo ne. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina shaƙar hayaƙin dalma, sai da ido ya fara gajiya na ajiye. Abin da nake haɗawa yanzu ƙaramin kan jirgin ƙasa ne mai tafiya da lantarki, kwaikwayon wani shahararren kan jirgin ƙasar Suwizalan da ake wa laƙabi da Kada. Duk wanda ya ga hotonsa ba zai tambayi dalilin sunan ba: ɗakin direba a tsakiya, dogon hanci gaba, dogon hanci baya, kowane hanci kuma yana lanƙwasawa da kansa. An fara ƙera shi a 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya nuna wa mutanen ƙasar cewa dogaro da gawayin da ake sayowa daga waje haɗari ne, alhali ga ruwa yana gangarowa daga tsaunukansu da zai ba su lantarki. Aikinsa a wancan zamani jan taragun kaya ne a layin Gotthard mai ratsa tsaunukan ƙasar, inda hawa ya yi tsanani kwana kuma ta yi yawa, shi ya sa aka yi shi gaɓa uku don ya iya bin lanƙwasar dogo. Sunansa na aiki Ce 6/8, ma'ana aksil takwas gare shi, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafar dama da ta hagu, shida ne ke ja. Na yi shekaru ina ganin lambar nan a hoto, ban san abin da take nufi ba sai da na riƙe aksil ɗin takwas a tafin hannuna.

Na gaske tsawonsa ya haura mita 19. Nawa santimita 22 ne da 'yan kai, domin ma'aunin da ake kira HO ke nan: duk abin da ya kai 87 a jikin babban, 1 ne a jikin ƙaramin. Faɗin dogon jirgi da aka fi amfani da shi a duniya milimita 1435 ne, nawa milimita 16.5. Akwai masu ƙarfin halin da ke aiki a ma'aunin N, wato 1 cikin 160, a kan dogo mai faɗin milimita 9. Waɗannan ina yi musu fatan alheri daga nesa, idona bai kai nan ba.

To, me ke cikin kwalin da ɗan'uwa ya ce an gama aiki? Ranar da na buɗe shi, babu abin da ya yi kama da jirgi. Fallayen tagulla ne shimfiɗaɗɗu, sirara kamar bangon littafi, an zana sassan jirgin a jikinsu, kowane sashe yana maƙale da ɗan siririn wuya da za ka yanke ka goge da magagari. Sai wata 'yar leda cike da ƙananan sassa na wani farin ƙarfe mai laushi, haɗin kuza da dalma. Sai ƙafafu, da aksil, da giya, da ɗan injin lantarki wanda bai kai babban yatsana ba, da takardar bayani wadda na tabbata wanda ya rubuta ta ya ɗauka kowa ya taɓa haɗa goma. Bangon jirgi kai za ka lanƙwasa shi. Rufin da kake gani mai ɗan doro, a miƙe yake zuwa, kai za ka ɗora shi a kan sandar ƙarfe kana murzawa a hankali har ya ɗauki siffa.

Kuskurena na farko girman kai ne ya jawo shi. Na ce da raina, mutumin da ya shekara talatin da ayan ɗin narkar da dalma a hannu, wa zai koya masa liƙi? Na ɗauko ayan ɗina na gyaran rediyo da zafinsa yadda na saba, na kai bakinsa kan ɗan akwatin yashi na farin ƙarfen nan. Kafin in ƙifta ido akwatin ya zama ɗigo mai ƙyalli yana gangarawa a kan tebur. A ranar na koyi cewa dalma iri-iri ce a wannan aiki. Manyan sassan tagulla ana fara liƙa su da mai narkewa a digiri 188, ƙananan da za su biyo baya da mai digiri 145, don kada zafin liƙin yau ya kwance na jiya. Shi kuwa farin ƙarfen yana da tasa dalmar mai narkewa a digiri 70, wadda ko tafasasshen ruwa zai narkar, kuma ba ta kama tagulla da kyau sai ka fara shafa wa tagullar siririn mayafi na mai 145. Akwatin yashin kuwa sai da na sassaƙa wani daga guntun tagulla, kwana biyu ina gugar abin da bai kai ƙwayar wake ba. Akwai kuma ruwan asid da ake shafawa don dalma ta bi. In ka tashi aiki ba ka wanke shi ba, gobe za ka tarar da kore-kore a jikin tagullar da tsatsa a kan aksil.

Amma duk wannan sharar fage ce. Inda jirgin ya nuna mini iyakata shi ne ƙafafu.

Kada ba kamar jiragen lantarki na zamani yake ba, waɗanda kusan kowane aksil ke da injinsa. Shi sanduna ne ke haɗa ƙafafunsa uku-uku, kamar na tsohon jirgin gawayi. Kowace ƙafa tana da ɗan fegi a gefen cibiyarta, sanda ta ratsa fegin ukun, in ɗaya ta juya dole sauran su bi. Sirrin shi ne fegin ƙafar dama da na hagu ba sa tsayawa wuri ɗaya. Dole ɗaya ya riga ɗaya da kwatan da'ira, digiri 90: in wannan yana ƙarfe goma sha biyu, wancan yana ƙarfe uku. Dalili kuwa, akwai inda sanda ke miƙewa sambal ba ta iya tura ƙafa gaba ko baya, to a daidai lokacin ta ɗaya gefen ce ke da cikakken ƙarfi. Kuma wannan kwatan dole ya zama iri ɗaya a dukkan aksil ɗin da sanda ta haɗa. In ɗaya ya kauce ko da kaurin gashi ne, jirgin zai tafi, amma da ɗingishi: ya yi gaba sumul, ya cije, ya fizge, ya sake cijewa a daidai wuri guda kowane zagaye.

Nawa haka ya yi. Mako uku ina fama. Zuciya ta yi ta raya mini in faɗaɗa ramukan sandunan kowa ya huta, kuma na san da yawa haka suke yi. Sai dai rami in ya yi faɗi, cijewar ta tafi, sanda kuma ta koma kwaram-kwaram, ba a jima ba fegi ya cinye. Abin da ya fisshe ni shi ne na cire injin gaba ɗaya, na kwance sandunan, na ɗora gindin jirgin tsirara a kan guntun dogo da na shimfiɗa bisa gilashi. Na ɗaura sanda a kan aksil biyu kawai, na ɗaga gefen gilashin kaɗan, ya gangara da kansa babu gardama. Na ƙara na ukun, ya tsaya cak. Ashe ga mai laifin. Na zare ƙafar, na juya ta abin da ido ba ya gani sai dai yatsa ya ji, na mayar, na sake gwadawa. A karo na biyar ne ya gangara tun daga wannan baki har wancan, shiru, sandunan suna hawa suna sauka kamar mai numfashi. Malam Edita, na gyara rediyon da mutane suka fid da rai da su ba adadi, amma ban tuna wanda ya sa na tashi tsaye ni kaɗai a ɗaki ba.

Bayan wannan sai tazarar bayan ƙafa da bayan ƙafa, wadda ake so ta tsaya wajen milimita 14 da rabi, in ba haka ba jirgi zai yi tafiyarsa lafiya a miƙaƙƙen layi ya zo mararraba ya sauka. Sai giya: injin yana juya wani ƙarfe mai zare kamar na kusa, shi kuma yana tura haƙoran giyar da ke kan aksil. In ka matse su injin ya yi zafi yana gurnani, in ka sake su haƙora su ci juna. Siririyar takarda ake sakawa tsakaninsu a ɗaure, sannan a zare ta. Kaurin takardar nan shi ne tazarar.

Yanzu ga inda na ji kunya, kuma zan faɗa don gaskiya ta fi. Waɗannan ƙananan jirage daga dogo suke shan wuta, bolt 12, ƙarfen dama ya kawo, na hagu ya mayar, in ka juya wayoyin jirgi ya koma da baya. Saboda haka dole a raba ƙafar dama da ta hagu, kada wuta ta bi ta aksil ta haɗe. A nawa, ƙafa ɗaya ta kowane aksil tana da ɗan baƙin zoben roba a cibiyarta. Na gama komai, na lanƙwasa siraran wayoyin da ke gogar bayan ƙafafu suna ɗebo wuta, na ɗora a dogo, na murɗa. Ko motsi. Na'urar ba da wuta ta yanke. Na ɗauko mitar awon wuta na bi waya ɗaya bayan ɗaya, na zargi injin, na zargi liƙina, har na fara zargin na'urar. Jikana, ɗan shekara goma sha ɗaya, wanda aikinsa a wurin riƙe mini fitila ne, ya leƙa ƙarƙashi ya ce, "Kaka, me ya sa wannan baƙin zoben nata yake wancan gefen, na sauran kuma suna nan?" Aksil ɗaya na saka a juye. Shekara talatin ina neman inda wuta ta haɗe a kayan mutane, yaro ya gano nawa da ido.

Tun ranar na ƙara masa matsayi. Shi ke yanke sassa daga falle yanzu, kuma ya iya goge bakin da magagari ba tare da ya ci jikin ba. Da ya tambaye ni wa ya fara yin jirgin lantarki, na gaya masa wani Bajamushe mai suna Werner von Siemens ya nuna wani ɗan ƙarami a baje kolin birnin Balin a 1879, yana jan mutane a kan benci suna zagaya fili. Yaron ya ce ashe shi ma da ƙarami ya fara. Ban ce masa komai ba, na miƙa masa hantsaki.

Wannan ne ya sa maganar ɗan'uwa ta tsaya mini a rai. Ina jin abin da yake so, yana son ya ga yaro ya zauna ya fito da abin da babu shi a da. Ni ma ina so. Amma wanda bai taɓa sa abin da wani ya zana ya yi tafiya ba, da me zai zana nasa? Kwalin nan bai ba ni jirgi ba. Ya ba ni amsoshin da wasu injiniyoyi suka samo shekara ɗari da suka wuce, ya bar ni in gano tambayoyin da kaina, ɗaya bayan ɗaya, da ƙunar yatsa. Yaron da ya san dalilin da fegi ke riga ɗan'uwansa da kwata, ya san abin da ba a gaya masa a aji ba, kuma gobe in ya ga injin da ke cijewa ba zai fara da duka ba.

Fenti ban yi ba tukuna, da gangan. Masu wannan aiki suna gargaɗin kada ka shafa launi sai gindin jirgi ya yi tafiya lafiya, don duk gyaran da ya biyo baya sai ya kankare shi. Na bar shi ya yi rabin awa gaba, rabin awa baya, a hankali, giyar ta zauna. Muna dai jayayya da jikana a kan launi. Na farko-farkon ruwan ƙasa aka yi musu, daga baya aka mayar da su kore. Ni ina son ruwan ƙasa, shi kore yake so, kuma alamu sun nuna zan sha kaye.

Abin da ya rage shi ne hannayen nan biyu na kan rufi da ke miƙewa su taɓa wayar sama, waɗanda ake kira fantogiraf. A babban jirgin su ne ke ɗebo bolt 15,000 daga wayar. A nawa ado ne kawai, amma ina so su riƙa tashi suna kwanciya kamar na gaske. Kowane yana da sifirin biyu da ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Uku na saka. Na huɗun ya kuɓuce daga bakin hantsaki daren Talata, na ji ƙarar faɗuwarsa a wani wuri bayan kabad, mun share ɗakin sau biyu da maganaɗisu ba mu gan shi ba. In akwai mai karatu da ya san yadda ake naɗa sifirin mai wannan ƙanƙanta daga siririyar waya ba tare da ya buɗe ba, don Allah ya rubuto ta wannan shafi. Ɗan'uwa mai wasiƙa ma, in yana da dabara, ina saurare.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wani tsohon mai gyaran rediyo