Sudan: a datse makamai tukuna kafin maganar zaɓe

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan abin da 'yan majalisar Amurka ke faɗa game da taimaka wa Sudan. Rahotannin da kuke kawo mana daga can suna hana mutum barci.

A Disambar 2020 majalisar ta ware dala miliyan 700 don tallafa wa gwamnatin riƙon ƙwarya ta Firayim Minista Abdalla Hamdok, a watan da Amurka ta cire Sudan daga jerin ƙasashe masu ɗaukar nauyin ta'addanci. Tunaninsu shi ne kuɗi zai ƙarfafa farar hula har a kai ga zaɓe. Niyyar mai kyau ce, amma bindiga tana hannun mutum biyu, Janar Burhan shugaban sojan ƙasa da Hemeti shugaban dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF, kowa da rundunarsa da dukiyarsa. Majalisar dokokin riƙon ƙwarya da aka yi alkawarinta a 2019 kuwa ba a taɓa kafa ta ba. To wa zai kira janar ya titsiye shi kan kamfanonin soja ko zinaren Darfur? Ranar 25 ga Oktoban 2021 su biyun suka haɗa baki suka tsare Hamdok, Amurka ta dakatar da kuɗin. Daga baya suka saɓa kan shigar da dakarun RSF cikin rundunar ƙasa: soja suka ce shekara 2, RSF suka ce 10. A kan wannan gardama Khartum ta kama da wuta ranar 15 ga Afrilun 2023.

Wasu 'yan majalisar Amurka sun ce sun gaji da gina ƙasashen wasu, suna nuni da Afganistan da Iraki. Na fahimci gajiyarsu, sai dai mutanen Sudan ba sojan Amurka suke nema ba. Waɗanda nake tare da su su ne Sanata Chris Van Hollen da 'yar majalisar wakilai Sara Jacobs, da suka nemi a daina sayar wa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa makamai har sai an tabbatar ba ta bai wa RSF. Daular ta musanta, amma ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce zargin yana da tushe. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka da kanta ta ce RSF ta aikata kisan ƙare dangi, ta kuma sa wa Hemeti da Burhan takunkumi, domin jiragen soja ma sun yi ta jefa bama-bamai kan fararen hula. Ba a ɗebo ruwa da hannun dama ana zuba fetur da hagu. A datse makamai ga ɓangarorin biyu, a buɗe hanyar kayan agaji, a tsaya kan runduna ɗaya da farar hula za su iya yi wa tambaya, sannan a zo maganar akwatin ƙuri'a.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne tamu majalisar. A Abuja aka sa hannu kan yarjejeniyar Darfur a 2006. Sojojinmu 7 aka kashe a Haskanita da ke Darfur a 2007 suna aikin kiyaye zaman lafiya. 'Yan uwanmu Hausawa suna Mai Wurno da Damazin da Gadarif da Kassala a Sudan tun zamanin da ake tafiya hajji a ƙasa. Ina kira ga kwamitocin harkokin waje na majalisun biyu su gayyaci ministan harkokin waje a zama na bainar jama'a, ya faɗi abin da Najeriya ke yi wa Sudan a Tarayyar Afirka. Ku ma, don Allah, ku kai wa sanatocin Arewa makirufo ku tambaye su.

Naku,
Mai sauraro daga Fagge, Kano