A karanta mana littattafan Andre Salifu da Hausa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, na rubuto ne a kan shirin da kuka yi na tunawa da marigayi Farfesa Andre Salifu, malamin tarihi kuma ɗan siyasar Nijar. Na saurare shi daga farko har ƙarshe, kuma na gode da kuka tuna da shi, don tun rasuwarsa a watan Mayu na 2022 ba kasafai ake jin sunansa ba. Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai. Kwana uku ke nan ina juya shi, na ga gara in fito in faɗa muku.

Kusan duk shirin a kan siyasa ya ƙare. Kun faɗi yadda ya shugabanci taron ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, da yadda ya riƙe majalisar ƙoli ta riƙon ƙwarya har 1993, da ranar da sojoji masu bore suka tsare shi a Fabrairun 1992. Kun kawo ministancinsa a zamanin Janar Ba'are da takararsa ta shugaban ƙasa a 1999. Duk haka aka yi. Amma littattafansa, waɗanda su ne aikin ransa, a numfashi guda aka dunƙule su ana gab da rufe shirin. Ko sunan ɗaya ba a ambata ba.

Ba wai ina raina taron ƙasa ba ne. Lokacin ina saurayin mushen lakwal, ana hutun damina. Da safe mu tafi gona, da azahar mu taru a rumfar wani tela a unguwarmu, a kewaye rediyo. Karo-karo muke yi mu sayi batir. Yawancin muhawarar da Faransanci ake yin ta, saboda haka mu biyu da muka yi lakwal muke zama kusa da akwatin, sauran su zuba mana ido. Akwai wani dattijo mai sayar da goro, da ya ji zauren taron ya kaure da hayaniya, sai ya dafa gwiwata ya ce, "Mushe, me ya ce?" Tambayar nan har yau tana kunnena. Ana yanke maganar ƙasarsa, shi kuwa sai ta bakin wani yake ji. Littattafan Salifu ma a wannan hali suke: labarin mutanenmu ne, amma masu labarin sai an ba su ta baki.

Na farkon da ya shigo hannuna shi ne wanda ya rubuta a kan Kawsan, jagoran Abzinawa da ya yaƙi Faransawa, mai suna Kaoussan ou la révolte sénoussiste, na 1973. A Yamai na same shi, wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa, bangonsa ya rabu, gara ta taɓa gefe guda. Na kawo shi gida na ɗinke da zare da allura. Akwai wani kawuna, Allah ya jiƙansa, da ya yi fataucin hatsi zuwa Agadas shekara da shekaru. Tun muna yara yake ce mana "zamanin Kawsan" idan zai kwatanta tsufan abu, mu kuwa mun ɗauka irin maganar tatsuniya ce. Da na gaya masa ga littafi a kan mutumin, sai ya ce in zo da shi bayan isha'i. Dare wajen goma muka yi a zaurensa, ga fitilar ƙwai, ina karanta sakin layi da Faransanci a zuci, ina mayar masa da Hausa.

A nan na san cewa Kawsan ya yi wa sojojin Faransa ƙawanya a barikinsu na Agadas tun Disambar 1916, da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, kuma ba a karya ƙawanyar ba sai a farkon Maris na 1917, da dakaru suka taso daga Damagaram. Na san alaƙarsa da ɗariƙar Sanusiyya ta Libiya, da yadda yaƙin duniya na farko ya miƙo hannu har cikin Abzin. Na san ƙarshensa a Murzuk a 1919, da mutuwar Tagama a hannun Faransawa a 1920. Da muka zo kan ramuwar gayyar da aka yi wa mutanen Agadas, har da kashe malamai, kawu ya ɗaga hannu ya ce in dakata. Ya yi shiru mai tsawo. Sannan ya ce mai masaukinsa a Agadas ya taɓa nuna masa wani wuri ya ce nan aka karkashe su, shi kuma bai taɓa gaya wa kowa ba, don yana ganin ba za a yarda ba. Ya ce, "Ashe an rubuta." Kalmomi uku ke nan, amma ban taɓa jin an yabi wani littafi kamar haka ba.

Abin da ya sa nake girmama Salifu ke nan. Tarihin da aka karantar da mu a lakwal, yawancinsa daga rahoton kwamandojin Faransa aka ɗebo shi, inda duk wanda ya ɗaga musu takobi ɗan fashi ne ko mai tsaurin kai. Salifu da tsararsa, irin su Farfesa Jibo Hamani wanda ya yi aiki a kan Adar da Abzin, sun shiga waɗannan takardu sun karanta, sannan suka koma wurin tsofaffi suka tambaya. A Damagaram aka haifi Salifu a 1942, kuma da garinsu ya fara. Littafinsa a kan sarautar Damagaram a ƙarni na 19 ya fito a 1971, bai ma cika shekara talatin ba. Sarki Tanimu, mai ganuwa da igwa, har wasan kwaikwayo ya rubuta a kansa. Daga baya, a 1989, ya fitar da tarihin Nijar gaba ɗaya.

Mu nan jihar Maraɗi muna da rabo a cikin wannan labari. Ayarin Vule da Shanwan, hafsoshin sojan Faransa, wanda ya ƙone garuruwa ya karkashe bayin Allah a 1899, a ƙasarmu ya wargaje. Kaburburansu suna Maijirgi, gaba da Tasawa, a bakin babbar hanyar Damagaram. Na taɓa wucewa ta nan a mota da wasu 'yan lise, na tambaye su ko sun san abin da ya faru a garin. Ɗaya ne kawai ya taɓa jin sunayen, shi ma ya ɗauka a ƙasar Cadi aka yi abin. Ban ga laifin yaran ba. Wa ya gaya musu?

Akwai kuma littafin da ya fi jawo magana, La question touarègue au Niger, na 1993, a kan rikicin Abzinawa. Wannan ya bambanta da sauran, domin wutar ba ta mutu ba lokacin da ya rubuta shi. Kisan da sojoji suka yi wa Abzinawa a Cintabaradan a watan Mayu na 1990 yana ɗanye a zukata, tawaye na ci a arewa, kuma sai 24 ga Afrilu 1995 aka sa hannu a kan sulhun da muke hutun tunawa da shi kowace shekara. Shi kansa marubucin yana cikin masu riƙe da ƙasa a shekarun. A ganina wannan ya ba littafin ƙarfi, ya kuma ɗora masa nauyi. Ya ga abin da ɗan kallo ba zai gani ba, amma wanda ke cikin kokawa da wuya ya zama alƙalinta. Ina da aboki Ba'abzine da muka koyar tare, wanda ya karanta ya ce mini muryar gwamnati ya ji a ciki. Mun yi gardama sosai, ban yarda da shi duka ba, ban kuma iya ƙaryata shi duka ba. Shekara guda kafin littafin Salifu, Mano Dayak, ɗaya daga cikin jagororin Abzinawa, ya fitar da nasa littafin daga ɗaya ɓangaren. In da ni ne ku, tare zan sa a karanta su, a bar mai sauraro ya auna da kansa. Ɓoye irin wannan saɓani ba ya ƙara wa marigayin daraja. Malamin tarihi ne, ya san ana yi wa rubutu gardama.

Haka zan ce game da tarihin siyasar Diori Hamani, shugaban Nijar na farko, da Salifu ya wallafa a 2010. A Maraɗi ba a maganar zamanin Diori ba tare da maganar Sawaba, jam'iyyar Jibo Bakari, ba. Ƙuri'ar raba gardama ta Satumbar 1958, da "a'a" ɗin Jibo Bakari, da haramta jam'iyyar a 1959, da kame-kamen da suka biyo bayan yunƙurin tawayen 'yan Sawaba a 1964, duk sun shiga gidaje a garin nan. Akwai zuri'ar da har yau in aka taɓo zancen sai a rage murya. Tsofaffin da suka ga abin da idonsu sun kusa ƙarewa. Kowace shekara muna raka wasu makwanci, kowannensu da abin da ya sani.

To ga roƙona. Ku ware mana ko da minti ashirin a mako, bayan sallar isha'i, lokacin da mutane suka natsu. A ɗauki littafi guda, a fara da na Kawsan, a riƙa mayar da shi Hausa kaɗan-kaɗan, Hausar da mai goro da mai kabu-kabu za su gane. A nemi izinin iyalansa da na waɗanda suka buga littattafan, don a yi abin bisa ƙa'ida. A gayyato malaman tarihi su yi bayani, bayan kowane babi kuma a buɗe waya, wanda ya ji wani abu daga bakin kakansa ya faɗa. A naɗi shirin a ajiye, domin samarin fada su riƙa tura wa juna ta WhatsApp, tunda yau nan ne majalisarsu. Kundin da aka kafa a 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Ina ganin babu inda ya fi dacewa a fara nuna hakan kamar tarihinmu.

Kada a ce kowa ya je ya saya ya karanta. Na zaga shagunan littattafai na garin nan ina neman na 1993 don in ba ɗana, ban samu ko ɗaya ba. Na baya-bayan nan a Faransa aka buga su, in ma an samu, kuɗinsu ya fi ƙarfin malamin lakwal, balle manomi. Ko an raba su kyauta, mutum nawa ne a Tibiri ko Madarumfa za su zauna su karanta shafi ɗari biyu na Faransanci?

Nawa kwafin na Kawsan yana nan, da ɗinkinsa na zare, da alamun fensir a wuraren da kawu ya tsayar da ni. Na yi ritaya, lokaci kuma ina da shi. In kun amince, ku sanar a shirinku na wasiƙu, zan kawo shi da kaina, in kuma zauna da duk wanda kuka ba aikin mu fara da babin farko.

Na gode. A gaida ma'aikata.

Naku,
Tsohon malamin lakwal,
Unguwar Bagalam, Maraɗi