Ga Wanda Ya Tambaya Ko An Ba Ni Na Goro

Malam, assalamu alaikum.

Na ji tambayar da ka jefo mini a bainar jama'a bayan hirar da aka yi da ni a rediyo, inda na ce gwamna ba shi da hurumin rushe kamfani mai rajista. Ka ce jihohin Amurka suna yi, me zai hana namu, sannan ka ɗora da cewa ko dai an ba ni na goro ne. Wannan na ƙarshen ya yi mini zafi, domin duk shekarun da na yi ina shiga kotu, ko abokin shari'ar da na kayar bai taɓa jifa na da shi ba. Kai kuwa, da kowa ya san ƙofar gidan da kake yawan tsayawa tun bayan zaɓe, ban zaci daga bakinka maganar goro za ta fito ba.

Gaskiya ne jihohin Amurka suna rushe kamfani, saboda a can jiha ce take yi masa rajista tun farko. A jihar Delaware, kamfanin da ya shekara bai biya harajin rajistarsa ba, takardarsa kan mutu. Idan kuwa zargin zamba ne ko wuce gona da iri, sai Antoni Janar ya je gaban alƙali ya kawo hujja. Ko a can ɗin ba a cika samun yadda ake so ba: a Agustan 2020 Letitia James, Antoni Janar ta jihar New York, ta nemi kotu ta rushe ƙungiyar masu bindiga ta NRA bisa zargin shugabanninta da cin dukiyarta, amma a Maris ɗin 2022 alƙali Joel Cohen ya ƙi, domin a ganinsa ɓarnar da ake zargi ta fi shafar ƙungiyar da 'ya'yanta fiye da jama'ar gari.

A Najeriya kuwa, kundin tsarin mulki na 1999 ya sa rajistar kamfanoni da rushe su a hannun tarayya, in ban da ƙungiyoyin gama kai da ƙananan hukumomi da hukumomin da majalisar jiha ta kafa da dokarta. Hukumar kula da kamfanoni ta tarayya, wato CAC, ce ke riƙe da rajista a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, sashe na 251 na kundin kuma ya kai shari'ar Babbar Kotun Tarayya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda za a wayi gari an danna wa masana'anta kwaɗo, an shafa jan fenti a bango, leburori suna tsaye a bakin ƙofa da kwanon abincinsu, sannan irinku su fito suna cewa an rushe kamfani bisa doka. Gwamna na iya soke takardar mallakar fili bisa dokar filaye ta 1978, in akwai maslahar jama'a, amma kamfanin yana nan da ransa, kuma zai iya maka shi a kotu.

In kana da sashen da ya ce akasin haka, ka faɗi lambarsa a inda ka yi tambayar, zan karanta.

Wassalam.