A riƙa ba mu labarin ƙananan gasannin Ingila

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina da ƙorafi a kan filinku na wasanni. Duk mako labarin ɗaya ne: Arsenal, Manchester United, Liverpool, da wanda aka saya da fam miliyan kaza. Yaranmu da ke cika gidajen kallo sun ɗauka duk wanda ya taka leda a Ingila ya warke. Alhali Firimiya ƙungiyoyi 20 ne kacal. A ƙarƙashinta akwai Championship da League One da League Two, kowacce da ƙungiyoyi 24, kuma a can akasarin ƙwararrun 'yan ƙwallon ƙasar suke neman abinci.

Ga misali kusa da gida: Adebayo Akinfenwa, haifaffen Landan a 1982, iyayensa 'yan Najeriya. Ya fara da zuwa Lithuwaniya, ƙungiyar Atlantas, inda ya sha wariyar launin fata, sannan Barry Town ta Wales. Kuɗi suka ƙare wa Barry a 2003, aka sallami 'yan wasa. Cikin kakar nan guda ya zaga Boston United da Leyton Orient da Rushden & Diamonds da Doncaster. Ba yawo yake so ba, tsarin ne haka.

Ƙananan ƙungiyoyi ba sa yarda da dogon kwantiragi. Shekara ɗaya ce, in an ga dama biyu, kuma yana ƙarewa ranar 30 ga Yuni. A watan Mayu kowace ƙungiya ke fitar da sunayen waɗanda za ta riƙe da waɗanda ta saki. Wanda aka saki, in ya kai shekara 24, zai tafi inda ya so ba a biya ko kwabo ba. A baki abin da daɗi, amma ɗaruruwa ne ake saki lokaci guda, guraben kuma kaɗan. Sai a shiga gwaji a watan Yuli, mutum ya buga wasannin share fage ba albashi, wani lokaci ko sunansa ba a sanarwa. Wanda bai dace ba sai ya karɓi kwantiragin wata-wata, ko ya sauka National League, gasar da ke ƙarƙashin League Two, ko ƙasa da ita, inda ake atisaye da yamma bayan an tashi daga wani aikin.

Abin da ke karya irin wannan ɗan wasa shi ne rauni a ƙarshen kwantiragi. Akinfenwa yana ganiyarsa a Swansea, shi ya ci ƙwallon nasara a wasan ƙarshe na kofin League Trophy da Carlisle a 2006, sai ƙafarsa ta karye a farkon 2007. Swindon ta neme shi, bai tsallake gwajin likita ba. Millwall ta ɗauke shi wata-wata, bai ci ko ɗaya ba, sai Northampton ta share masa hawaye a 2008. Ku lura, a waɗannan ƙananan gasanni wasa 46 ne kowace ƙungiya ke bugawa a kaka ban da kofuna, Asabar da daren Talata, cikin sanyin hunturu da filaye masu caɓi, ga doguwar tafiya a bas. Ƙungiya mai 'yan wasa ashirin da 'yan kai ba ta da haƙurin jiran gurgu. Haka kuma in aka kori kocin da ya kawo ka, sabon zai zo da yaransa.

Ko nasara ba ta zama inuwa. A Mayun 2016 Akinfenwa ya ci fenareti a filin wasa na Wembley, AFC Wimbledon ta doke Plymouth 2-0 ta haye League One. Ana hira da shi a talabijin, gumi bai bushe ba, ya faɗa cewa ba shi da aiki, masu horarwa su neme shi ta WhatsApp. Mutane sun yi dariya, amma da gaske yake. Wycombe ta ɗauke shi, da ita ya shiga Championship a 2020 yana ɗan shekara 38, ya rataye takalmi a 2022. Shi ma ƙirar jikinsa da iya bakinsa ne suka ba shi suna. Takwarorinsa da yawa sun gama ba wanda ya sani, wasu ma da bashin albashi, kamar 'yan Bury da aka kora daga gasa a Agustan 2019.

Ina roƙon ku ware ko minti biyar a mako ga wannan fanni, ku kuma yi wa iyaye bayanin takardar izinin aiki. Tun Janairun 2021 baƙon ɗan wasa na buƙatar makin da FA, hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, ke lissafawa daga wasannin da ya buga wa ƙasarsa da kuma ƙarfin gasar da ya fito. An ɗan sassauta a 2023, amma gurabe ƙalilan ne kowace ƙungiya ke da su. Don haka dillalin da ya zo unguwa ya ce a sayar da gona zai kai yaro gwaji League Two da bizar yawon buɗe ido, a nemi ya nuna lasisinsa na FIFA da takardar gayyata daga ƙungiyar, sannan a tuntuɓi ƙungiyar kai tsaye kafin a ba shi ko sisi.

Naku,
Mai sauraro daga Kano