Sabuwar bindigar iska da na mayar, da rubutun da ke ƙasan rasit

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in faɗi abin da ya same ni, don na san ba ni kaɗai ba ne a Legas ya taɓa sayen sabon kaya ya tarar da aibi, aka ce masa kaya in ya fita ba ya dawowa.

Ni da yayana muna da 'yar gonar kaji a bayan Ikorodu. Ɓeraye da gafiyoyi sun addabi ɗakin da muke ajiye masara da dusa, suna huda buhuna, suna kashe 'yan tsaki da dare. Shinkafar ɓera ba ta yiwuwa a inda ake ajiye abincin kaji, tarko kuwa sun gane shi. Shi ya sa muka yanke shawarar sayen bindigar iska. Da yawa cikinmu suna ɗaukarta abin wasan yara, alhali dokar makamai ta 1959 ta jera ta cikin bindigogin da sai da lasisin 'yan sanda ake riƙewa. Sai da takarduna suka cika na saye ta a wani shago mai rajista a cikin gari: irin wadda ake karya bututunta a ɗana, mai cin ƙwayar dalma milimita 5.5.

Harbin farko ta yi ƙara kamar ta albarushi, hayaƙi ya fito ta baki. Wannan bai tayar min da hankali ba, domin sabuwar bindiga takan zo da giris da man kamfani, kuma in fistin da sifirin yake turawa a cikinta ya matse iska da ƙarfi zafin yakan kunna man, kamar dai yadda injin dizal yake tashi ba filogi. Na zauna na share bututun. Na yanka tsohuwar farar singileti ƙanana, na ɗaura a zaren kamun kifi, ina ja daga inda ake saka ƙwaya zuwa baki. Ban tura sandar ƙarfe ta baki ba, don ko ɗan ƙwarzane a leɓen bututu ya isa ya ɓata saiti har abada. Ƙyallen farko ya fito baƙi ƙirin, sai wajen na goma ya fara fitowa da haske. Na bi notocin da suka riƙe katako na ɗaure, biyu a gaba ɗaya a bayan kunama, domin girgizar sifirin tana kwance su. Na goge ƙarfen waje da ɗan mai a tsumma, saboda damshin Legas ba ya barin ƙarfe ya kwana biyu bai yi tsatsa ba.

Aka ce min irin wannan bindiga sai ta ci ƙwaya ɗaruruwa kafin ta zauna. Na yi haƙuri. Na kafa kwali a jikin buhun yashi, taku goma sha biyar, bango a bayansa, kullum bayan la'asar in yi harbi talatin. Na canza ƙwaya zuwa ta wani kamfani. Na sassauta riƙo, na ɗora ta a tafin hannu yadda masu sani suke yi, don mai sifirin ba ta son a ƙanƙame ta. Duk a banza. Wata ƙwayar ta huda kwali, wata ta faɗi ƙasa tun kafin ta isa. A kwana na shida ɗaya ta maƙale a tsakiyar bututu.

Nan ne shawarwari suka yi yawa. Wani abokina direban tirela da ke sauke mana masara ya ce, "Malam, ɗiga mata baƙin mai a ramin iskar nan, za ka ji ƙarfi." Gaskiya ne za a ji ƙara, amma gobara ce ake tayarwa a ciki, tana cinye robar fistin, tana iya karya sifirin. Yayana kuma ya ce mu kai ta Agege wajen wani mai gyara ya buɗe. Mahaifinmu maharbi ne, mun tashi muna ganin yana warware bindigarsa ta toka da hannunsa, don haka ban ga laifin Yaya ba. Na ce masa, "Yaya, wannan sifirin ɗinta a matse yake ko ba a ɗana ba, yana iya fitowa ya ji wa mutum ciwo. Kuma ranar da sukundireba ya taɓa cikinta, ranar garantinmu ya mutu." Ya yi shiru, ya ce in yi yadda na gani.

Gwaji ɗaya na ƙara. Na ɗora siririyar takardar goge hannu a kan mahaɗar bututu, na harba cikin yashi. Takardar ta yi sama. Iska tana tserewa ta nan ke nan. Da na haska da fitilar waya sai ga zoben robar wurin a tsage, bututun kuma in an rufe yana ɗan motsi gefe da gefe. Na sa yaronmu ya ɗauki bidiyo, na rubuta kwanan wata a jikin kowane kwali, na haɗa su.

Na mayar da ita cikin kwalinta, ba a ɗane ba, ba ƙwaya a ciki, lasisi da rasit a aljihun gaba. Ban shiga motar haya ta danfo da ita ba, motar yayana na ara. A shagon, yaron da ya sayar min, Bahaushe ɗan'uwana, ko buɗe kwalin bai yi ba. Ya nuna min ƙasan rasit inda aka rubuta da Turanci cewa ba a mayar da kuɗi bayan an biya. Ya ce, "Yallaɓai, kai ma ka san ƙa'idar kasuwa."

Edita, wannan ƙa'idar ce ta sa na ɗauki alƙalami. Wa ya kafa ta? Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta haifar da hukumar tarayya mai kula da haƙƙin masu saye, wato FCCPC, ta ba mai saye wata uku ya mayar da kayan da ya zo da aibi, mai sayarwa ya gyara, ko ya canza, ko ya biya. Jihar Legas ma tana da tata hukumar, LASCOPA. Kafin duk wannan, malamanmu sun karantar da mu cewa mai saye yana da zaɓin mayarwa in ya ga aibin da bai sani ba lokacin ciniki. Kowa ya san hadisin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji jiƙa a ƙasa. To don me ɗan kasuwa Musulmi zai fake da layi ɗaya da mai buga rasit ya rubuta masa? Mu ma masu saye da namu laifin. Kunya takan hana mu komawa, ko mu kai wa mai gyara ya farke kayan, sannan mu je muna rantsuwa ba hujja.

Sai zuwa na uku na sami mai shagon, dattijo. Na gaishe shi, na ce, "Alhaji, ba rigima ta kawo ni ba, duba za ka yi." Ya sa tabarau. Abin da ya fara dubawa kawunan notocin ciki ne, ko an taɓa su. Ya kalli bidiyon sau biyu, ya jujjuya kwalayen, ya girgiza bututun da kansa. Ya ce zai canza min wata. Na ce lambar wannan ce a takardata, canji na nufin in sake bin ofisoshi, gara kuɗina. Ya rubuta min shaidar cewa ya karɓi bindigar da lambarta, ya sa hannu, kuɗin suka shigo bayan mako biyu cif.

Roƙona ga shugabannin kasuwanninmu na Mile 12, Agege da Alaba Rago, su zauna da 'yan kasuwa a kan wannan rubutu na ƙasan rasit. Kai kuma Edita, ka sa wani lauya ya fassara mana wannan sashe na dokar da Hausa a shafi guda, yadda za a yanke a manna a bangon shago. Yaron nan da ya nuna min rasit, da zan fita ya biyo ni har mota, ya ce wallahi shi bai taɓa jin maganar wata ukun nan ba.

Naka,
Mai kiwon kaji,
Ikorodu, Legas